Rozwud ko mahogani? Abin da katako ke yi wa muryar jita, da abin da hunturun Kaduna ke yi wa katakon

Shin sunan katakon da aka ƙera jita da shi ne ke yanke yadda za ta yi amo, har ya cancanci mutum ya ninka kuɗi a kansa? Tun da aka saki naira a kasuwa a watan Yunin 2023, kayan waje suka yi tashin gwauron zabo, sayen jita ya daina zama abin da ake yi da ka. Saurayin da ke kaɗa wa ƙungiyar mawaƙan cocinsu a Sabon Tasha, da mai haɗa kiɗa a wani ɗan situdiyo a Tudun Wada, da ɗalibin da salon jitar Buzayen Agadas ya shiga ransa, duk tambaya ɗaya suke yi kafin su zaro kuɗi: wane katako ne? Masu talla a Facebook da WhatsApp sun gano haka, shi ya sa da wuya ka ga hoton jita ba a rubuta mahogani zalla ko rozwud na asali a ƙarƙashinsa ba.

Kwanakin baya ɗan yayata ya turo mini hotunan jita biyu. Ya ce, "Kawu, wannan rozwud ce, waccan mahogani, ratar kuɗinsu ta isa sayen wata jitar. Wacce zan ɗauka?" Na ce, "To yaro, fuskar kowacce da wane katako aka yi ta? Kuma zalla ne ko na liƙe?" Sai ya yi shiru. Bai san akwai wannan tambayar ba, mai tallar ma bai rubuta ba. A nan ne yawancin masu saye ke yin tuntuɓe: suna ta gardama a kan bayan jita, alhali maganar tana gabanta.

Daga ina amon yake fitowa?

Ka ɗaure tsirkiya tsakanin ƙusa biyu a jikin bango ka taɓa ta, da ƙyar za ka ji wani abu. Tsirkiya siririya ce, ba ta da faɗin da za ta tura iska. Sai ta sami wani abu mai faɗi mara nauyi ta girgiza shi, shi kuma ya girgiza iskar da ke isa kunne. Duk wanda ya taɓa riƙe gurmi ko garaya ya san wannan ko bai karanta shi a littafi ba. Tsirkiya na hawa kan jaki, wato ɗan itacen da ke ɗage ta, jakin na zaune kan fata, fatar ce ke magana. Ƙwarya ko itacen da aka fafe aka shimfiɗa fatar a kai, aikinsa riƙe fatar da tara iska. Marigayi Ɗan Maraya Jos, kuntiginsa ai gwangwanin kifi ne da fatar akuya, kuma da shi ya zagaya duniya.

A jita, allon saman nan mai rami, wanda za mu riƙa kira fuska, shi ne fatar. Kaurinsa bai cika wuce milimita 3 ba, amma tsirkiyoyin ƙarfe shida na jansa da ƙarfin da ya kai kusan kilo 70, wato fiye da buhun siminti, dare da rana. Abin da ke hana shi ɓallewa shi ne 'yan sandunan katako da aka liƙa ta ciki suna tokare shi. Kamfanin Martin na Amurka, wanda aka kafa a 1833, shi ya yi fice da jera su a gicciye, kuma yawancin jita masu tsirkiyar ƙarfe a yau wannan tsarin suke bi. Maƙerin jita kullum tsakanin wuta biyu yake: in ya bar fuskar da kauri, jita ta yi ƙarko amma ta zama bebiya, in ya fefe ta da yawa, ta yi murya amma ba za ta yi tsawon rai ba.

Wannan ba sabon zance ba ne. Antonio de Torres, maƙerin ƙasar Sifen da ake ɗauka a matsayin uban jitar zamani, a 1862 ya ƙera wata jita da fuskar katako mai kyau, baya da gefe kuwa na kwali. Tana nan ajiye a gidan tarihin kiɗa na Basalona. A 1995 kamfanin Taylor ya ƙera wata da katakon dandamalin ɗora kaya da aka tsinto a bayan masana'anta, har da ramukan ƙusa a jiki, don ya nuna gwanintar maƙeri ta fi sunan itace. Kamfanin Ovation kuma tun 1966 yake yin jita mai zagayayyen baya kamar ƙwarya, wanda ba katako ba ne sam, wani haɗin roba da zaren gilashi ne, amma fuskar ta katako ce.

Katakon fuska: sufurus da sida

Fuska na son itace mara nauyi amma mai tsauri a tsawonsa, kuma itatuwan ƙasashen sanyi masu ganye kamar allura su suka fi cika wannan sharaɗi. Na farko shi ne sufurus, fari mai ɗan ɗorawa-ɗorawa da siraran layuka a miƙe. Wanda ya fi yawa a kasuwa shi ne na Sitka, daga gaɓar tekun Alaska da yammacin Kanada. Akwai na Turai, akwai na Adirondak wanda Martin da Gibson suka yi amfani da shi kafin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma har gobe ana tsawwala kuɗinsa. Halin sufurus shi ne juriya: ko ka dake shi da ƙarfi muryarsa ba ta dusashewa, tana fita tar. Wanda ke jagorantar waƙa a gaban jama'a yana share tsirkiya shida gaba ɗaya da ɗan robar kaɗawa, sufurus ne abokinsa.

Na biyu shi ne sida, ja-ja mai ruwan ƙasa, daga yankin nan dai na yammacin Amurka da Kanada. Ya fi sufurus taushi da rashin nauyi. Daga shekarun 1960 ne ya yi kasuwa, bayan gidan Ramirez na Madrid ya rungume shi a jita masu tsirkiyar roba. Sida na amsa taɓi kaɗan, muryarsa na da ɗumi da zaƙi, shi ya sa masu kaɗawa da yatsu ke ƙaunarsa. Amma in aka matsa masa da duka sai amon ya cakuɗe, kuma farce ma na iya yi masa tabo. Jitar da za ta zauna a ɗakin matasa kowa ya zo ya ɗauka, ban ba da shawarar sida ba.

Akwai kuma jitar da ake yi wa fuska da mahogani, baƙi-baƙi gaba da baya. Ba ta kai sufurus ƙara ba, amma muryarta a dunƙule take, a bushe, ba ta yawan kuwwa, kuma tana zama lafiya a ƙarƙashin muryar mawaƙi a gaban makirfo.

Abu ɗaya da takardar talla ba ta faɗa: allo biyu daga itace iri ɗaya, kai ko daga gungume ɗaya, na iya bambanta sosai a nauyi da tsauri. Za ka sami sufurus mai halin sida, ka sami sida mai halin sufurus. Sunan itace kamar sunan gari ne, yana ba ka hasashen halin mutum, ba ya ba ka tabbas.

Baya da gefe: inda gardamar ta fi zafi

Ga abin da makaɗa da maƙera suka daɗe suna faɗa. Rozwud, itace mai nauyi da duhu wanda mafi yawansa yanzu daga Indiya yake zuwa, yana ba da amo mai kauri a ƙasa da ƙyalƙyali a sama, kuma amon na daɗewa yana kaɗawa kamar ƙararrawa. Mahogani ya fi shi sauƙin nauyi, muryarsa a tsakiya take, kai tsaye, ba ado da yawa. Mefil, farin itacen da ake yi wa goge irin na Turawa baya da shi, amonsa a sarari yake kuma yana saurin yankewa; shi ke bayan babbar jitar Gibson J-200. Itacen koa na Hawai yana tsakanin mahogani da mefil, kuma kyan zanensa ne rabin kuɗinsa. Misalin da aka fi bugawa shi ne jita biyu na Martin masu girma ɗaya da fuska iri ɗaya: D-18 mai bayan mahogani da D-28 mai bayan rozwud. Shekara kusan casa'in ke nan ana musu a kan wacce ta fi, ba a gama ba.

Masu wannan ra'ayi suna da hujja. Bambancin nauyin gaskiya ne: rozwud na Indiya ya haura kilo 800 a kowace kubik mita (mita ɗaya tsawo da faɗi da kauri), mahogani kuwa bai cika kai 600 ba. Baya mai nauyi da tauri yakan mayar da amo ga fuska, mara nauyi kuma yakan shiga cikin rawar da kansa. Kuma mai kaɗawa, da jitar ke manne da ƙirjinsa, yana jin abin da mai sauraro daga nesa ba ya ji.

Sai dai da aka rufe wa makaɗa ido, labari ya sha bamban. A 2018 masu bincike a Jami'ar Lancaster ta Ingila suka wallafa sakamakon wani gwaji. Sun sa kamfanin Fylde ya ƙera jita shida masu fasali ɗaya, bambancinsu kawai katakon baya da gefe: rozwud na Barazil, rozwud na Indiya, mahogani, mefil, sapele da walnat. Makaɗa 52 suka kaɗa su a ɗaki mai duhu sanye da tabarau irin na masu walda, don kada ido ya yi wa kunne raɗa. Makin da suka ba jitocin ya zo kusan kunnen doki, kuma da aka gwada wasu daga cikinsu a kan su bambance wannan da waccan, da ƙyar suka fi mai canki-canka. Ka lura, tsakanin mafi tsada da mafi araha a cikin itatuwan nan akwai rata mai girman gaske.

Gwajin nan bai ce katako banza ne ba. Maƙeri ɗaya ne, fasali ɗaya, kuma baya da gefe kawai aka sauya, ba a taɓa fuska ba. Abin da ya nuna shi ne bambancin da ke tsakanin itatuwan baya ƙarami ne, ƙarami har ido na iya rinjayarsa. Ni a ganina bambancin yana nan, amma wurinsa ƙarshen layi. Girman jikin jita ya fi shi tasiri nesa ba kusa ba: babbar jita mai faɗin ƙugu ta fi ƙarama kaurin murya ko da me aka yi bayansu. Sabuwar tsirkiya a kan jita mai araha ta fi tsatsattsiyar tsirkiya a kan rozwud. In kuwa jitar za ta shiga lasifika ta wayar da ke ƙarƙashin jaki, kamar yadda ake yi a yawancin coci-coci da wuraren biki, to abin da jama'a ke ji na'urar ce da mai juya sauti, katakon baya ya zama ɗan kallo.

To me ya sa rozwud ya fi tsada? Ƙaranci da doka da al'ada. Rozwud na Barazil, wanda Martin ya daina dogaro da shi wajen 1969 ya koma na Indiya, an sa shi a rukuni mafi tsanani na yarjejeniyar CITES ta kare tsirrai da dabbobi a 1992. A Janairun 2017 aka sa sauran dangin rozwud a rukuni na biyu, abin da ya hargitsa cinikin kayan kiɗa a duniya, har aka sassauta wa kayan kiɗan da aka riga aka ƙera a ƙarshen 2019. Ban da haka, kamfanoni sun saba ajiye rozwud ga jitocinsu na sama, masu ado da aikin hannu mai yawa. Sau da yawa jitar rozwud ta fi daɗi ne saboda an fi ɓata lokaci a kanta, sai yabon ya tafi ga itacen.

Itatuwanmu da suka tafi suka dawo da sabon suna

Abin da ke ba ni dariya, kuma yake ba ni takaici, shi ne ganin ɗan Najeriya na yatsina fuska don an ce masa bayan jita sapele ne. Sunan nan na garin Sapele ne da ke Jihar Delta, tashar da aka riƙa lodin gungume zuwa Turai tun zamanin Turawa, inda kamfanin katako da filawud na AT&P ya yi zamaninsa. Itacen ɗan uwan mahogani ne, ya ma ɗan fi shi nauyi da tauri, yana da zane mai ratsi-ratsi da ke walƙiya in haske ya taɓa shi. Martin da Taylor duk suna amfani da shi, kuma yana cikin itatuwan da makaɗan Lancaster suka kasa warewa daga rozwud na Barazil.

Kalmar mahogani kanta ta zama rigar aro. Na asalin daga Amurka ta Tsakiya da ta Kudu yake, kuma tun 2003 cinikinsa ke ƙarƙashin CITES. Yawancin abin da ake kira mahogani a jita masu matsakaicin kuɗi yau na Afirka ne, dangin maɗacin nan da muka sani, mai ɗacin ɓawo da ake jiƙawa a sha don ciwon ciki. Wanda ake ƙera jita da shi ɗan uwansa ne na kurmi, daga kudancin Najeriya da Gana da Kwaddibuwa, wanda ya fi namu na Arewa sauƙin nauyi. A jita masu araha kuwa, sau da yawa nato ne ko meranti na Asiya aka shafa wa ja. Ba laifi ba ne a yi jita da su, laifin shi ne a karɓi kuɗin wani a ba ka wani.

Baƙin eboni da ake yi wa manyan jita allon yatsu da jaki da shi, yawancinsa daga Kamaru yake, kuma dangin kanya ne. A 2011 Taylor ya shiga haɗin gwiwa ya sayi masana'antar yankan eboni a Yawunde, daga baya ya fara amfani da mai ratsin fari wanda da can ake sarewa a bari ya ruɓe a daji don bai yi baƙi ƙirin ba. Sai madobiya, wadda 'yan kasuwa ke kira rozwud na Afirka ko da yake ba dangin rozwud na jita ba ce. An yi mata sarar ƙare dangi a Taraba da Kogi da wasu jihohi ana kai wa Chaina don kujeru da gadaje, har aka sa ta a CITES a 2017.

Wani zai ce, tun da itatuwan namu ne, me zai hana a je wurin 'yan katako a Panteka a zaɓo a ba kafinta? Katakon ƙofa daban, na jita daban. Na jita ana tsaga shi ne ta yadda jijiyarsa za ta tsaya a miƙe, a busar da shi shekaru ko a gasa shi a ma'auni, sannan a fefe shi zuwa 'yan milimita. Ɗanyen katakon da aka yanka bara, ko maɗaci ne, murɗewa zai yi.

Zallan katako ko na liƙe?

Wannan ce tambayar da ya kamata ta zo kafin sunan itace. Zallan katako allo ne guda daga sama har ƙasa. A fuska, allo ɗaya ake tsagawa biyu a buɗe kamar littafi a liƙe a tsakiya. Na liƙe kuwa filawud ne mai kyau: yawanci falle uku sirara, an gicciya jijiyarsu an haɗe da gam. Fallen waje kawai ke ɗauke da sunan da aka rubuta a talla. Don haka jitar da aka ce maka rozwud ce a farashi mai sauƙi, rozwud ɗin bai fi kaurin 'yan takardu ba, cikinsa wani itace ne. Biyan ƙarin kuɗi don amon wannan fallen daidai yake da sayen mota don launin fentinta ya fi gudu. In don kyau ne, wannan kuma zaɓinka ne.

A fuska, bambancin zalla da liƙe kunne na kama shi ba wuya. Zalla ta fi motsi, ta fi amsa taɓi, ta fi faɗin murya. A nan ne ƙarin kuɗi ke da ma'ana. Misali sananne shi ne jita biyu na Yamaha: F310, wadda ta cika shagunan Najeriya, fuskarta ta liƙe ce, FG800 kuwa fuskarta zallan sufurus ce, baya da gefe na liƙe. A baya da gefe kuwa, liƙe ba abin kunya ba ne. Jitocin Selmer na Faransa na shekarun 1930, da ake rububinsu yau, bayansu na liƙe ne, kuma wasu manyan maƙera da gangan suke ninka gefe don ya yi tauri.

Yadda ake ganewa: kamfani ba ya ɓoye zalla, tinƙaho yake da ita. In a takarda an rubuta solid kafin sunan itacen, zalla ne. In sunan itacen kawai aka rubuta, ko aka yi masa kirari da wata kalma mai daɗi kamar select, to liƙe ne. Kada ka tsaya ga takarda, don jabu sun yi yawa, ana manna sunan manyan kamfanoni a kan abin da ba su sani ba. Ka duba leɓen ramin fuska da fitilar waya. In layukan katakon sun gangaro sun ratsa kaurin leɓen daga sama zuwa ƙasa, zalla ne. In ka ga falle-falle kamar gefen filawud, ko an shafe leɓen da baƙin fenti, ka san inda aka dosa. Don baya kuma, ka leƙa ciki ka gwada zanen ciki da na waje: in sun yi daidai, akwai alamar zalla.

Hunturu da damina: alƙalin da ba ya karɓar suna

Yawancin shawarwarin da muke gani a intanet mutanen da ba su san hunturu ba ne suka rubuta su. Manyan masana'antun jita na riƙe danshin iskar ɗakunansu tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, kuma a wannan yanayin aka liƙa kowane sashe. A Kaduna kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu danshi kan faɗi ƙasa da kashi 20 da rana, a Agusta kuma ya haura 80. Ba sai an kawo ma'auni ba: ƙofar da ke ƙin rufuwa da damina ita ce ke barin kafa da hunturu, kuma makaɗan kalangu da ganga sun san yadda fata ke saki da ɗamewa da sauyin iska.

Katako na shan danshi ya kumbura, ya rasa shi ya tsuke, kuma a faɗinsa yake yin haka, ba a tsawonsa ba. Fuskar babbar jita ta kai faɗin santimita 40, kuma in ta bushe sosai tana iya neman tsukewa da kusan milimita 3. Amma an liƙe ta da gefe, an tokare ta da sanduna, ba ta da inda za ta. Da farko sai ta lotsa ciki, tsirkiya ta sauko tana zuzu a kan ƙarafan allon yatsu. Bakin ƙarafan ya fito yana yankar hannu, don allon ya tsuke ƙarfe bai tsuke ba. Daga nan sai tsagewa, yawanci daga jaki zuwa ƙasa ko a layin tsakiya. Da damina kuma akasin haka: fuska ta yi tulu, tsirkiya ta yi sama har danna ta ya zama aiki, murya ta toshe, tsirkiya ta yi tsatsa.

Ni kaina na biya kuɗin wannan karatun. Jitata ta farko mai zallan katako gaba da baya, daga Legas aka kawo mini ita a watan Satumba, na rataye ta a bango don baƙi su gani. Wata asuba a Janairu na ji ƙas kamar an karya tsinke. Tsaga ce mai tsawon tafin hannu a bayan jaki. Tsohuwar mai liƙen da na raina, wadda ke jingine a lungu, ko gezau ba ta yi ba. Dalili kuwa, gicciyar jijiyar filawud ke hana shi tsukewa ta gefe guda.

Wannan shi ya sa nake ganin, ga mafi yawan masu saye a garin nan, fuska zalla da baya na liƙe ita ce matsaya mafi dacewa: ka sami kusan duk muryar, ka rage wuraren tsagewa. Jitar da za ta riƙa hawa Keke Napep zuwa atisaye, ta kwana a ofishin coci ko ɗakin makaranta ba mai kula da ita, gara ma a yi ta da liƙe gaba ɗaya. Zalla gaba da baya ta wanda zai yi mata hidima ce. Kuma ka sani zallan rozwud ba ya tsira don tsadarsa. Na Barazil ma ya yi suna wajen tsagewa. Mahogani na cikin itatuwan da suka fi natsuwa da sauyin iska, shi ya sa ake yawan yin wuyan jita da shi. Akwai kuma fuskar da ake gasawa a masana'anta har ta yi duhu, wadda ba ta cika motsi da danshi ba, sai dai ita ma rangwame ta samu, ba kariya ba.

Hidimar ba ta da tsada. Akwati mai rufuwa sosai ya fi jaka, jaka ta fi ƙusa a bango. Da hunturu ka huda gidan sabulu, ka sa soso da aka jiƙa aka matse har ba ya ɗiga, ka ajiye cikin akwatin ta wajen wuya, kana duba shi duk bayan kwana biyu ko uku. Ɗan ma'aunin danshi mai batir zai gaya maka ko ka yi daidai. Da damina ka cire soson, ka sa 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi. Kada jita ta kwana kusa da taga, kada a bar ta cikin motar da aka rufe a rana a watan Maris ko Afrilu, don zafi na narkar da gam, jaki ya ɗago.

In ka shiga shago

Sayen jita daga hoto cinikin biri a sama ne. Ka je da kanka, ko a kan titin Ahmadu Bello ne ko wurin masu kayan gwanjo, ka tafi da wanda ya iya kaɗawa. Ka juya baya ya kaɗa maka biyu ko uku ba tare da ka san wacce ce ba, sannan kai ma ka riƙe ka ji ko wuyan ya zauna a hannunka. Ka danna tsirkiya a can ƙasan wuya: in sai ka yi da gaske, ko rozwud ce yatsunka za su gudu daga gare ta cikin wata guda. Ka gwada zura takarda a ƙarƙashin jaki ta baya. In ta shige, ya fara ɗagowa. Kuma in jitar mai tsirkiyar roba ce, kada kowa ya ruɗe ka ka sa mata ta ƙarfe don ta ƙara ƙara. Jan tsirkiyar roba bai fi kilo 40 ba, ta ƙarfe ta kusa ninka shi, kuma ba a tokare fuskar don wannan nauyin ba.

In kuwa hunturu ya riga ya yi aikinsa, ka sassauta tsirkiya nan take, kada ka riƙa shafa tsagar da yatsa don maiƙon hannu na hana gam kamawa, kuma kada ka ɗura mata sufa-gulu. Ka sa jitar a akwati da jiƙaƙƙen soso na mako ɗaya ko biyu. Sau da yawa bakin tsagar zai matso ya haɗu da kansa. A lokacin ne mai gyara zai sa gam na katako, ya liƙa 'yan ƙananan faci ta ciki a gicciye. Tawa haka aka yi mata, layin yana nan ana gani in an karkata ta ga haske, amma muryar ba ta canza ba.